A Sauko da Kuɗin Zaman Lafiya Cikin Unguwa

Duk wanda ya tashi a Jos ya san yadda gari yake sauya fuska cikin minti goma. Kana zaune a majalisa bayan la'asar, sai ka ga masu shaguna sun fara jan ƙofa ɗaya bayan ɗaya, mata suna ƙwala wa yara kira, masu Keke suna dawowa a guje babu fasinja. Ka tambayi abin da ke faruwa, kowa ya ce maka "an ce an fara". Wa ya ce? A ina aka fara? Babu mai amsa. Mu da muka ga Satumbar 2001, muka ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, mun san irin rayukan da wannan "an ce" ta ci.

A wani yammaci irin wannan, shekarun baya, labari ya shigo unguwarmu cewa an tare wani yaronmu mai Keke a ƙetaren rafi an kashe shi. Kafin a kira magariba samari sun cika bakin layi, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora. Shugaban ƙungiyar samarinmu tela ne, mutum marar yawan magana, tef ɗin awo ma yana rataye a wuyansa lokacin da ya fito. Ya tsaya a gabansu ya ce, "Ƙannena, ku ba ni minti goma don Allah. In maganar gaskiya ce, ba zan tare kowa ba." Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, har sai sun ƙarar da mu za ka yarda?" Bai tanka masa ba. Ya ciro wata tsohuwar wayarsa da ya ɗaure da kyauro don kada batir ya faɗi, ya kira kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙetaren, wani saurayi Kirista da muka shekara biyu muna karawa da su duk ƙarshen wata. Saurayin ya ce a jira shi. Minti goman nan ta zama ashirin, kuma ban taɓa ganin lokaci mai nauyi kamarsa ba. Da wayar ta yi ƙara, telan ya buɗe murya kowa ya ji. Yaronmu ne da kansa yake magana daga gadon asibiti. Mota ce ta buge shi, kuma mutanen unguwar da ake shirin afka wa su ne suka kwashe shi zuwa asibiti, har wata tsohuwa ta yaga zanenta ta ɗaure masa ƙafa.

Ni ne magatakardar ƙungiyar a lokacin, littafin kuɗi yana hannuna, don haka na san abin da wannan lambar waya ta ci mana kafin ta shiga wayar telan. Ƙwallo biyu, raga ɗaya da muka yi ta ɗinkewa, ruwan leda, ɗan abin da ake ba alƙalin wasa, da katin waya. Karo-karo muke yi duk Juma'a, wani ya ba da ɗari, wani ya ce a bi shi bashi.

A shekarar ne muka ji ana ba ƙungiyoyin matasa tallafi don aikin zaman lafiya. Muka je shagon intanet muka buga takardar neman tallafin. Shafi sama da ashirin, duk da Turancin da ko ni mai koyarwa a makaranta sai da na riƙa neman fassara. Ana son takardar rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Ana son asusun banki da sunan ƙungiya, banki kuma ba zai buɗe maka ba sai ka kawo takardar SCUML, ofishin yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ana son rahoton odita na shekarun baya, da adireshin ofis. Mu kuwa ofishinmu bencin ƙofar shagon tela ne. Muka haƙura. Bayan wasu watanni sai ga goron gayyata daga ƙungiyar da ta samu kuɗin, ana kiranmu taron bita na kwana biyu a wani otal. Aka ba mu jaka da riga da kuɗin mota, aka sa telan ya tashi ya ba da labarin wancan yammaci, aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Na tabbata labarin ya shiga rahoto. Mun koma gida ranar ba mu da kuɗin sayen sabuwar raga, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ra'ayina a kan wannan lamari ba shi da sarƙaƙiya. Kuɗin da ake warewa don gina matasa da zaman lafiya ya kamata kaso mai tsoka daga cikinsa ya riƙa isa kai tsaye hannun ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye, kaɗan-kaɗan, na tsawon shekaru, da sharuɗɗan da talaka zai iya cikawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai iya tsayawa gaban samari ɗari da ransu ya ɓaci, su saurare shi, mutum ne da suka san gidansu, suka san uwarsa, suka taɓa cin bashin ɗinki a wurinsa. Wannan amana ba a sayenta da kwangilar wata goma sha biyu.

Masu ba da tallafin ma sun san haka, domin sun sha faɗa da bakinsu. A Disambar 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, wanda ya amince cewa matasa abokan gina zaman lafiya ne, a daina kallonsu a matsayin matsala kawai. Binciken da ya biyo bayan ƙudurin, wanda aka fitar a 2018, ya tattara bayanan ƙungiyoyin zaman lafiya kusan 400 da matasa ke jagoranta a faɗin duniya, ya gano cewa rabinsu suna aiki ne da abin da bai kai dala 5,000 ba a shekara. A 2016, a taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul, manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba. Najeriya kuma a Nuwambar 2021 ta ƙaddamar da nata tsarin ƙasa a kan matasa da zaman lafiya da tsaro, ita ce ta farko a Afirka. Takarda ce mai kyau. Sai dai ka shiga Gangare ko Unguwar Rukuba a Jos, ko Rigasa da Sabon Tasha a Kaduna, ka tambayi shugabannin samari ko wani abu ya taɓa iso musu ta dalilinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarihinmu da kansa ya nuna inda zaman lafiya yake tsirowa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna jagororin samari ne da suka yi gaba da juna a rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka fara zama tare, su biyu, kowannensu yana shan zargi daga nasa mutanen cewa ya sayar da addini. Daga wannan ƙaramin zama aka samu cibiyar sasanci da ta taimaka wajen haɗa malamai da fastoci 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, ta kuma shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Ban ce yarjejeniyar ta kashe wutar Kaduna ba, domin wata uku bayanta rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Amma da a ce a 1995 an auna mutanen nan biyu da ma'aunin da aka auna mu, da ba su samu ko sisi ba. Haka Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Duniya ta san shi ne bayan ya gama aikin, Amurka ta karrama shi a 2019. Akwai irinsa a garuruwanmu da babu wanda ya san sunansu, kuma su ne ya kamata a nemo tun kafin ranar tashin hankali.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce ai ƙungiyoyin bogi sun yi yawa. Akwai waɗanda ofishinsu jakar hannu ce, shugaba da sakatare da ma'aji duk 'yan gida ɗaya ne, suna da rasit na kowane irin shago a aljihu. Na ga irinsu. Na kuma ga ƙungiyar kirki da ta shekara goma tana aikin gayya, tana yashe kwata, tana kai marasa lafiya asibiti, amma ranar da kuɗi mai kauri ya shigo asusunta rigima ta ɓarke, aka rabu gida biyu, har yau ba sa ga-maciji. Ɗan siyasa ma yana iya kafa tasa ƙungiyar da sunan zaman lafiya, ya riƙa ciyar da 'yan jagaliyarsa da ita. Duk wanda ya ce a zuba kuɗi a unguwa ido rufe bai san unguwa ba.

Amma a duba da kyau, wa tsarin da ake bi yanzu yake tacewa? Mai ƙungiyar jaka shi ne gwanin cike takarda. Yana da rajista, yana da hatimi, ya san kalmomin da Turawa ke son ji, yana da wanda zai rubuta masa rahoton odita. Shingen da aka gina don a tare ɓarawo, ɓarawon ne ya fi kowa iya tsallake shi, tela da ungozoma da malamin Islamiyya su ne suke makalewa. Maganin ƙungiyar bogi ƙafa ce. Mai ba da tallafi ya sauko, ya sha rana, ya zauna da mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata da masu shayi, ya yi tambaya ɗaya: ranar da hankali ya tashi a nan, wa ya fito? Zai ji suna biyu ko uku suna maimaituwa a bakin kowa. Binciken da babu takardar da za ta yi maka shi ke nan.

Batun kuɗi ya raba kan ƙungiya kuwa, yawanci girman kuɗin ne da sirrin da ke tattare da shi. A fara da kaɗan. A karanta adadin a bainar jama'a ranar da ya shigo, a ƙofar mai unguwa, da Hausa ko da harshen da mutanen wurin ke ji. A liƙa lissafin a bango duk wata uku, yadda kwamitin ginin masallaci ko na coci yake yi. Mutanenmu sun iya riƙon amanar kuɗi tun kafin banki ya zo. Uwar adashe tana riƙe da kuɗin mata talatin ba tare da takarda ko ɗaya ba, kuma ta san ranar da ta ci amana ba za ta ƙara shiga gidan biki ba. A karɓi rahoto da murya a waya in shugaban ƙungiya bai iya rubutun boko ba. Inda babu rajista, a bar wata babbar ƙungiya ta riƙe musu asusu a kan ɗan kaso sananne, ta kuma taimaka musu su yi rajistar. Sannan a daɗe tare. Tallafin wata shida yana ƙarewa ne daidai lokacin da samarin ɓangarorin biyu suka fara sakin jiki da juna. Gara a ba ƙungiya abu kaɗan duk shekara har shekara biyar da a jibga mata shi a wata uku a ce ta kashe kafin ƙarshen zango.

Akwai kuma abin da ake yawan rabawa alhali abu ɗaya ne, wato sana'ar matasa da zaman lafiya. Sara-suka a Jos da Bauchi, 'yan kalare a Gombe, 'yan daba a Kano, 'yan shara a Kaduna, sunaye ne daban-daban na yaro guda: wanda ya tashi da safe babu inda ake jiransa. Ban yarda cewa talauci kaɗai ke sa mutum ɗaukar makami ba, domin da haka ne da ƙasar nan ta ƙone tuntuni. Abin da daba take ba yaro ya haɗa da suna, da abokai, da jin cewa ana shakkarsa. Duk wanda zai raba shi da ita sai ya ba shi madadin waɗannan. A 2016 ƙungiyar Mercy Corps ta fitar da wani bincike da ta yi ta hanyar hira da matasan da suka taɓa zama cikin Boko Haram, kuma cikin abin da ta gano akwai cewa ƙungiyar ta riƙa jawo ƙananan 'yan kasuwa da rancen jari. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Masu ɓarna sun gane cewa ɗan ƙaramin jari, a hannun wanda yaro ya sani, a lokacin da yake cikin matsi, yana iya juya rayuwarsa. Ba su nemi ya kawo rahoton odita ba.

Gwamnati ta gwada nata. An yi N-Power daga 2016 da alawus ɗin naira 30,000 a wata, an amince da asusun jarin matasa na naira biliyan 75 a 2020. Wasu sun amfana, ban musa ba. Amma duk shiri ne da ake nema ta intanet, daga Abuja, mutum ɗaya-ɗaya, kuma yaron da nake magana a kansa ba shi da takardar makaranta, wani ma ba shi da lambar BVN. Wanda zai iya kamo hannunsa shi ne makanikin bakin titi, ko mai walda, ko telan da zai ce wa uban yaron, "Baba, a ba ni shi, zan riƙe shi kamar ƙanena." Irin wannan maigida abin da yake buƙata keken ɗinki biyu ne ƙari, da kuɗin abincin rana na yaran da ya ɗauka, domin yaron da ke jin yunwa ba ya zaman koyon sana'a. Haka 'yan mata, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su saboda ba su ne ke riƙe gora ba. Su ne ake bari da marayu, kuma ƙungiyoyin mata ne kaɗai na ga suna ƙetara iyakar unguwa su je gaisuwar mutuwa a lokacin da maza ba sa iyawa.

Yanzu kuma ga inda aka kwana. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar an rushe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen sasanci a jihohin Arewa. Ingila ma ta rage nata. Ofisoshi da yawa sun rufe, ma'aikata sun watse, motoci masu tambari sun ragu a hanya. Na tausaya wa waɗanda suka rasa aiki, cikinsu akwai mutanen kirki da suka yi aiki tsakani da Allah. Amma abin ya tona mana asiri. Shekara da shekaru mun bar wa baƙo nauyin sasanta mu da maƙwabtanmu.

Ina attajiranmu? Mutum zai kashe miliyoyi a bikin 'yarsa, zai gina masallaci na uku a layin da ke da biyu, amma bai taɓa tambayar su wa ke hana a ƙona masa shago ba. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, kuma duk ɗan kasuwar Jos ya san abin da kwana uku na dokar hana fita ke ci masa. Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Hadisi ya inganta cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar nafilar sallah da azumi da sadaka, kuma malaman fiƙihu da dama sun sanya wanda ya ci bashi don sasanta jama'a cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Kano da Sakkwato da wasu jihohi. Me zai hana a ware waƙafi, ko da shaguna biyar ne a kasuwa, kuɗin hayarsu ya riƙa tafiya ga ƙungiyoyin samari masu wannan aiki? Coci-coci ma suna da baiko da asusun taimako, kuma Linjila ta yi wa masu sulhu albishir.

Ga gwamnatoci kuma. Filato ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, Kaduna ta kafa tata a 2017. Mataki ne mai kyau, kuma ya kamata a ce kowacce tana da asusun ƙananan tallafi da ake bayyana sunayen waɗanda suka samu a rediyo. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye. In har hakan ya tabbata a aikace, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da uzuri. Ya san kowace mazaɓa, ya san su wa ke aiki da su wa ke jiran rabo. Abin da ake kashewa a man motocin jami'an tsaro na mako guda bayan rikici ya ɓarke zai riƙe ƙungiyoyin mazaɓa guda tsawon lokaci. Sharaɗi ɗaya nake roƙo, kada a ba kansila ko shugaban jam'iyya ikon zaɓen waɗanda za a ba, domin ranar da tallafin ya zama ladan kamfe, ranar ya zama wani sabon abin faɗa.

Na koma unguwar a hutun da ya wuce. Telan yana nan, furfura ta fara fito masa, yara shida ne a shagonsa a kan keke uku, suna karɓa-karɓa. Biyu daga cikinsu daga ƙetaren rafi suke zuwa kullum da safe. Wasan ƙarshen wata ya tsaya tun bayan cire tallafin mai a 2023, saboda kuɗin motar kai 'yan wasa filin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya fi ƙarfin karo-karon Juma'a. Kyaftin ɗin nan ya koma Abuja neman abinci, kuma samarin da suka taso yanzu a unguwannin biyu ba su san juna ba. Na tambaye shi ko yana da lambar wani a can in wani abu ya taso. Ya ɗan yi shiru yana gyara zare a allura, sannan ya ce, "Malam, saura mutum ɗaya, shi ma ya tsufa, samarin ba sa jin maganarsa kamar da." Na ce nawa zai isa a dawo da wasan na shekara guda? Ya jawo takardar awo, ya juya bayanta, ya fara lissafi da fensir: mota sau goma sha biyu, ƙwallo huɗu, raga, ruwa, alƙalin wasa.